Ƙusa Ce Ke Kai Ka Ga Kwabo: Shaidar Mai Tonon Kufai a Amurka

Duk wanda ya ji cewa ina yawo da na'urar gano ƙarfe a dazuzzukan jihar New Hampshire, tambayarsa ɗaya ce: "To Malam, an dace da zinariya kuwa?" Ban ga laifin kowa ba. Mutanenmu sun san wannan na'ura ne a hannun masu neman zinariya, tun rububin da aka yi a Jado ta arewacin Nijar a 2014, da abin da ake ji daga Sudan da Zamfara. Amsata dai ba ta canzawa: babu. Na haura shekara goma ina wannan abu, kuma abin da na fi tonowa shi ne ƙusa mai tsatsa. Abin da nake nema kuwa shi ne abin da ya zame daga aljihun manomi shekara ɗari biyu da suka wuce: kwabon jan ƙarfe, maɓallin riga, ƙararrawar doki, guntun cokali. In aka lissafa kuɗin mai da batir da na'ura aka auna da abin da aka samu, asara ce tsagwaronta. Wanda ya shigo don ya yi arziki, wata uku ba ta cika sai ka ga ya sa na'urarsa a kasuwa. Abin da zan faɗa a nan shaida ce ta abin da idona ya gani kuma hannuna ya taɓa, don wanda yake da sha'awa kada ya yi ta ɓata ƙafarsa a banza.

Sai an san dalilin da ya sa kufai ya cika wannan yanki kafin a san inda za a sa shebur. Arewa maso gabashin Amurka, inda ake kira New England, yau daji ne. Kusan kashi 80 cikin 100 na New Hampshire itatuwa ne. Amma a tsakiyar ƙarni na 19 yawancin ƙasar a share take, gonaki ne da makiyaya har kan tsaunuka. Wajen 1810 aka shigo da tumakin merino na Sifaniya masu laushin ulu, kowa ya ruɗe da kiwonsu, har a 1840 jihar Vermont kaɗai tana da tumaki sama da miliyan ɗaya da rabi. Katangun duwatsun da mutum ke cin karo da su a tsakiyar daji, yana mamakin wa ya jera su, da yawansu shingen wancan zamani ne. Daga baya al'amari ya juya. Mashigin ruwan Erie da aka buɗe a 1825 ya kawo hatsi mai araha daga yamma, farashin ulu ya faɗi, masaƙun biranen Lowell da Manchester na yankin suka janye matasa, yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 ya ci wasu, dokar 1862 kuma ta yi wa duk mai so alkawarin eka 160 a yamma, inda ƙasa ba duwatsu. Sai gida ya rage tsoho da tsohuwa, in sun kwanta dama babu mai komawa. Gidajen na katako ne, wasu suka ruɓe, wasu gobara ta cinye. Abin da ya rage shi ne ramin da ke ƙarƙashin gidan, inda suke ajiye dankali da tuffa saboda sanyi, an jere gefensa da duwatsu. Wannan rami shi ne kufan nan ƙasar.

A gida mutum yakan gane kufai da tsohuwar kuka, da tudun rusasshen bango, da tsingaro a warwatse. Nan ma haka abin yake, itatuwan ne kawai suka bambanta. In kana tafe a tsohuwar hanyar keken shanu, wadda katanga biyu suka sa a tsakiya, sai ka ga manyan itatuwan mapul a jere kamar an auna, to hannu ne ya shuka su. In ka ga tsohuwar bishiyar tuffa ta karkace cikin daji, ko furen lailak da matan gida ke dasawa a bakin ƙofa, ka kusa. Ramin kansa sau da yawa ba murabba'i ba ne cikakke, akwai tudun duwatsu da ya shigo cikinsa daga gefe ɗaya. Gindin babban murhun gidan ke nan. Can gaba kaɗan za ka ga harsashin rumbun dabbobi, yawanci bango uku, gefe ɗaya a buɗe.

Yawo da ka ba ya kai mutum ko'ina. Taswirorin gundumomi na shekarun 1850, da kundayen taswira na kamfanin Beers na ƙarshen shekarun 1860 zuwa na 1870, sun nuna kowane gida da ɗigo da sunan mai shi. Ana ɗora su a kan taswirar yau a kwamfuta, a ga ɗigon da ya faɗa inda yanzu babu kowa. Akwai kuma hoton laida, wanda jirgin sama ke ɗauka da hasken leza: yana cire itatuwa daga hoton ya bar ƙasa tsirara, sai ka ga ramin gida da katangu da tsohuwar hanya ɓaro-ɓaro. Ga wani abu da sababbi ba sa lura da shi. Gidan da ke kan taswira kowa ya san shi, an riga ka zuwa tun shekarun 1970. Ramin da laida ta nuna amma babu shi a taswirar 1850 da wani abu, wannan sau da yawa an bar shi ne tun kafin a zana taswirar, ya fi tsufa, kuma ƙafa ba ta cika zuwa can ba.

Kafin komai, izini. Babu dajin da ba shi da mai shi a ƙasar nan. Ofishin hukumar gari yana da taswirar haraji mai nuna wanda ya mallaki kowane fili. Ka je da rana, ba lokacin cin abinci ba, ka bar shebur da na'ura a mota. Ka ƙwanƙwasa, ka ja da baya taku biyu don a gan ka sosai. Ni da nake baƙo, kuma baƙar fata, a ƙauyen da kowa ya san motar kowa, ban taɓa wasa da wannan ba. Abin da ke buɗe ƙofa shi ne kwafin tsohuwar taswira a hannunka: ka nuna wa mai gida ɗigon da ke cikin filinsa da sunan wanda ya zauna a can. Sai ka ga ya gyara tabarau, ya kira matarsa ta zo ta gani. Ka faɗa masa a fili cewa za ka cike kowane rami, za ka nuna masa duk abin da ka samu, kuma abin da yake so nasa ne, don a doka ma abin da ke cikin ƙasarsa shi ke da shi. In ya ce a'a, ka yi godiya ka kama gabanka. Filayen gwamnatin tarayya kuwa ka manta da su: dokar 1979 ta hana tono kayan tarihi da suka haura shekara 100 a cikinsu, a gandayen shaƙatawa na ƙasa ma riƙe na'urar a haɗe laifi ne. Kowace jiha kuma da nata ƙa'idar a kan filayenta. Ƙaramar maƙabartar iyali da ake yawan samu kusa da kufai ba a kusantarta da shebur, ko da mai fili ya yarda.

Na'urar da ta dace da wannan aiki ba irin ta masu zinariya ba ce. Tasu tana kai zurfi ƙwarai amma ba ta iya bambanta ƙusa da azurfa yadda ya kamata. Ka shiga kufai da ita, ka wuni kana tonon tsatsa. Tamu faifan da ke ƙasan sandarta yana da naɗin waya biyu, ɗaya na aika maganaɗisu cikin ƙasa, ɗaya na sauraren abin da ya dawo. Kowane irin ƙarfe da yadda yake mayar da amsa, sai na'urar ta juya amsar ta zama sauti da lamba. A na'urar Garrett AT Pro, wadda lambobinta ke tashi daga 0 zuwa 99, baƙin ƙarfe yana ƙasa da 40, takardar alminiyam tana cikin arba'in da wani abu, sulen nikel hamsin da 'yan kai, ƙaramin kwabon tagulla saba'in da wani abu, babban kwabon jan ƙarfe da azurfa tamanin zuwa sama. Wasu na'urorin, irin su Minelab Equinox da XP Deus, lissafinsu daban ne, don haka kada ka haddace lambar wani. Ka binne kwabo da ƙusa da maɓalli a bayan gidanka, inci huɗu, inci shida, inci takwas, ka yi ta wucewa a kansu har kunnenka ya san muryar kowanne. Kuma ka cire rai daga maganar masu talla: tsabar kuɗi guda ɗaya, a ƙasa mai kyau, inci takwas zuwa goma ne iyakar inda ake jin ta da tabbas. Abin da ya sauƙaƙa shi ne yawancin kayan dajin da garma ba ta sake bi ba suna tsakanin inci uku da bakwai.

Da ka kunna, abu na farko shi ne daidaita na'ura da ƙasar wurin, domin ƙasa kanta tana da sinadarin ƙarfe. Ka nemi inda babu wani ƙarfe, ka danna maɓallin daidaitawa, ka riƙa ɗaga faifan sama kamar inci takwas kana sauke shi har kusa da ƙasa, sau biyar ko shida, har sautin ya kwanta. In ka yi wannan a kan ƙusa ba ka sani ba, duk wunin ranar na'urar ƙarya za ta yi ta yi maka. Na biyu, ƙarfin ji. Sabon shiga yakan murɗa shi har ƙarshe wai don ya kai zurfi, sai na'urar ta kama surutu kamar kasuwa, ainihin sautin ya ɓace a ciki. Ka ɗaga har ta fara 'yan ƙananan ƙorafi, sannan ka rage mataki ɗaya ko biyu. Faifan ya riƙa shafar ganye, a kwance daga farkon lilo har ƙarshensa. Yawancin mutane suna ɗaga shi a ƙarshen kowane lilo, kuma duk incin da ka ɗaga a sama ka rage shi a ƙasa. Kowane lilo ya hau rabin na baya. Sannu ba ta hana zuwa.

Yanzu ga maganar ƙusa, wadda ita ce gaba ɗayan sana'ar. Kuskuren da ya fi hana mutane samu shi ne rufe sautin baƙin ƙarfe gaba ɗaya don kunne ya huta. Ka bar shi a buɗe, ka rage masa ƙara kawai. Kana tafe cikin daji shiru, shiru, sai ka fara jin gurnani ɗaya-ɗaya, sai ya yi yawa har ya zama kamar ana gasa gugguru: ka shigo tsakar gida ke nan, ko da babu rami ko dutse ɗaya a sama. Gidajen farko-farko da yawa ba su da rami, ƙusa ce kaɗai shaidarsu. Ita ce kuma ke faɗa maka shekarun wurin. Ƙusar maƙera, mai kai kamar an daddaka shi da guduma ta fuska uku ko huɗu, ta ƙarni na 18 ce zuwa wajen 1800. Mai kusurwa huɗu da inji ya yanka daga falle ita ta mamaye ƙarni na 19. Zagayayyar ƙusar waya irin ta yau ba ta yi rinjaye ba sai wajen shekarun 1890. In ka tono uku ka ga duk na waya ne, kada ka sa ran kwabon zamanin sarakunan Ingila.

Amma ƙusar da ta kawo ka ita ce kuma ke ɓoye maka kaya. In kwabo da ƙusa suna ƙarƙashin faifai a lokaci guda, na'urar tana haɗa amsarsu, lambar ta faɗo ƙasa ko sautin ya yanke, ka wuce ba ka sani ba. Dalilin da ya sa kufan da aka ce "an cinye shi" bai taɓa ƙarewa ba ke nan. Magani uku ne. Ka cire babban faifai mai inci goma sha ɗaya ka sa ƙarami mai inci biyar ko shida, wanda ke iya leƙawa tsakanin ƙusoshi. Ka ƙara saurin da na'urar ke sakin sauti ɗaya ta kama na gaba, in tana da wannan saiti, ko da yake zai ci maka ɗan zurfi. Sannan ka bi fili ɗaya sau biyu: gabas zuwa yamma, ka dawo kudu zuwa arewa, domin kwabon da ƙusa ta tare ta wannan fuska yakan yi magana ta waccan. Wani lokaci kuma babu dabara sai ƙarfi: ka zaɓi wuri taku biyu a taku biyu a bakin ƙofa, ka kwashe duk ƙusar da ke ciki, ka sake saurare.

Akwai kuma ƙaryar ƙusa. Lanƙwasasshiyar ƙusa mai tsatsa, ko zoben ƙarfe na linzami, ko kan gatari, suna iya yin siririn sauti mai daɗi kamar azurfa. Yadda ake kama su: ka tsaya a kan sautin, ka gajarta lilo, sannan ka zagaya ka tare shi ta gefe. Kwabo yana maimaita muryarsa ta kowace fuska, a wuri guda, gajere kuma a dunƙule. Ƙusa takan yi kyau ta fuska ɗaya, ta ɗaya kuma ta fashe da gurnani, kuma inda sautin yake ba nan tsakiyar ƙarfen yake ba. Ka ɗaga faifan inci shida ko takwas sama. In har yanzu tana ihu, babban abu ne, guntun murhu ko bakin garma. Gawayin kwal da aka zubar daga murhu da wasu duwatsu masu sinadari su ma suna ruɗi. Duk da haka, sautin da ya maimaita ta fuska biyu, ko lambarsa ba ta yi kyau ba, ni tonowa nake yi. Maɓallai da ƙananan azurfa da suka siɗe suna zama ne a tsakiyar ma'auni, tare da tarkace.

Cikin ramin gidan kansa ba wurin farawa ba ne. Duk rufin gida da katakonsa can suka rufta, ga gwangwanin da mafarauta da makwabta suka yi shekaru suna jefawa. Ka tsaya a bakinsa ka tambayi kanka: mutanen gidan nan ina suke takawa kullum? Ƙofa yawanci tana duban kudu ko hanya, kuma sau da yawa faffaɗan dutsen bakin ƙofa yana nan. Daga nan zuwa rijiya, daga nan zuwa rumbun dabbobi, daga nan zuwa bakin hanya inda ake hawa keken doki a sauka, a ciro kuɗi a biya mai talla. Inda aka yi shanya, nan maɓalli yake, da kuɗin da ya faɗo daga wandon da aka kife. Gindin babbar bishiyar inuwa. Kafar da aka bari a katanga don shanu su wuce, inda mutum ke sunkuyawa yana zare sanda. Tudun da ya zagaye bakin ramin, wanda ƙasar da aka haƙo ce aka baza. Bayan gida a gangare kuwa juji ne: kwalabe da fasassun tangaran. Taku talatin zuwa hamsin kewaye da gida su ne zuciyar wurin, amma kwabo mafi tsufa sau da yawa yana can cikin gona, shi kaɗai, inda babu ƙusar da za ta rufe shi.

Tono ma da ƙa'idarsa. Ka share ganye gefe guda. Ka sa shebur nesa da tsakiyar sautin da inci uku ko huɗu, ka yanka fuska uku, ka bar ta huɗu a manne, ka buɗe kamar murfi. Shebur a miƙe yake shiga. In ka karkata shi zuwa tsakiya, kai da kanka za ka zabga wa kwabon da ya yi shekara ɗari biyu lafiya tabo. Ƙasar da ka ƙara fitarwa ka zuba a kan ƙyalle. Sai ƙaramar na'urar hannu, wadda muke wa laƙabi da karas saboda launinta, ta shiga ramin ta nuna daidai wurin. Saiwa a daji tana da yawa, don haka ɗan zarto ko almakashin reshe ba ya barin jaka. In an gama, ka sake wuce faifai a kan ramin kafin ka rufe, domin aljihun da ya zubar da ɗaya yakan zubar da uku. Ka mayar da ƙasa, ka take, ka mayar da ganye. Ƙusa da gwangwanin da ka tono su bi ka gida.

Babban kwabon Amurka, wanda aka buga daga 1793 zuwa 1857, jan ƙarfe ne zalla, faɗinsa ya ɗan haura inci ɗaya. Ba ya fitowa da ƙyalli. Abin da za ka fara gani shi ne gefen wani abu zagayayye, kore-kore, a jikin dunƙulen baƙar ƙasa. Ka fasa dunƙulen da yatsa, ya faɗo tafin hannunka da nauyinsa da sanyinsa, ya bar hatiminsa a jikin ƙasar. Ka karkata shi ga rana, inuwar kan mace ta bayyana, a ƙasa kuma lambobi huɗu da ba su gama fitowa ba. A daidai wannan lokaci ne babban yatsa ke ƙaiƙayin gogewa, kuma a nan ake kashe kwabo. Ban da babban kwabon akwai rabin-peni na Ingila mai kan Sarki Joji na Biyu ko na Uku, da yawansu jabu ne tun a zamaninsu. Akwai waɗanda jihohi irin su Connecticut da Vermont suka buga da kansu tsakanin 1785 da 1788. Akwai ƙaramin kwabo mai kan Ba'indiye na 1859 zuwa 1909. Azurfar da aka fi samu a tsofaffin wurare ba ta Amurka ba ce ma, riyal ɗin Sifaniya ne da aka buga a Meziko da makamantanta, wanda ya ci gaba da zama halastaccen kuɗi a ƙasar har 1857. Yakan fito a siɗe, siriri kamar ɓawon albasa, wani da huda. Azurfa ba ta da yawa, domin talakan da ya yar da ita sai ya durƙusa ya nemo abarsa.

Sauran kaya sun fi kuɗi yawa, kuma ni sun fi ba ni labari. Faffaɗan maɓallin tagulla mai kunne a baya, na ƙarshen ƙarni na 18 zuwa shekarun 1830, wani da rubutun GILT ko LONDON a bayansa. Ƙarfen ɗaure takalmi, wanda aka daina yayinsa wajen 1800, don haka ganinsa albishir ne. Ƙwallon harsashin dalma da ya yi fari. Hular yatsa ta masu ɗinki. Takalmin sa, wanda ke zuwa ɓari-ɓari saboda kofaton sa a rabe yake, guda takwas ga sa ɗaya, shi ya sa ba ka zuwa kufai ka rasa shi.

Tsaftacewa ta ɓata kaya fiye da yadda ƙasa ta ɓata. Azurfa ba a goge ta a daji, yashin da ke jikinta zai zane ta. A sa ta cikin 'yar kwalba da auduga, a gida a zuba mata ruwa ƙasar ta zube da kanta. Jan ƙarfe akasin haka ne. Ƙasar da ke ƙarƙashin itatuwan fayin tana da tsami, ta riga ta ci fuskar kwabon, zanen da kake gani yana zaune ne a kan koren ɓawon nan kawai. Ka sa masa ruwa ko lemon tsami ko man goge ƙarfe, ɓawon ya tashi, shekarar ta tafi har abada. A bar shi ya bushe, a bi shi a hankali da tsinken sakace da busasshen burushi, a shafa masa ɗan kaki. Maɓalli ko cokalin gamin kuza yakan fara marmashewa da ya sha iska, sai a ajiye shi da 'yar ƙasarsa mai laima har a kai gida. Baƙin ƙarfe kuwa lantarki ke cire masa tsatsa: bokitin roba, babban cokali ɗaya na garin sodar wanki, 'yar'uwar kanwa, a cikin ruwa lita huɗu, da cajar batirin mota. Baƙar waya a jikin kayan, jar waya a jikin wani guntun ƙarfen banza, kada su taɓa juna. In ka juya wayoyin, kayanka ne zai narke. Kada a yi amfani da ƙarfen nan da ba ya tsatsa, yana sa guba a ruwan, kuma a yi a waje domin iskar da ke tashi tana kama wuta. Kwana ɗaya zuwa uku, a goge, a busar sosai, a shafa kaki. Kowane abu da 'yar takardarsa: wuri, rana, zurfi. Kwabon da ba a san inda ya fito ba ya rasa rabin maganarsa.

Dajin yana da nasa haɗari. Kusan kowane gida da rijiyarsa, an jere ta da duwatsu, wata a buɗe, wata ganye da ruɓaɓɓen katako sun rufe bakinta. Ka nemo ta tun kafin ka kunna na'ura, ka ɗaura mata ƙyalle. Kaska ita ce babbar abokiyar gaba, ƙarama kamar ƙwayar riɗi, tana ɗauke da cutar Lyme, wadda ta samo sunanta daga wani gari a Connecticut. A fesa wa tufafi maganin permethrin, a cusa wando cikin safa, a duba jiki kaf da an dawo. Akwai wata ciyawa mai ganye uku-uku da ke sa ƙuraje da ƙaiƙayi, saiwarta ma haka, don haka ba a tono ba safar hannu. Allurar tetanus kada ta wuce shekara goma. Watan Nuwamba na mafarautan barewa ne, rigar ruwan lemo dole ce. In kuwa shebur ya taɓo ƙashin mutum, a tsaya nan take a kira 'yan sanda.

'Yan'uwa sukan tambaye ni ko za a iya wannan a kufan gida. Na'ura dai za ta ji anini da ɗari da kwabo masu huda da tauraro da rubutun Larabci, waɗanda Turawa suka fara bugawa a 1907, sai dai yawancinsu gamin jan ƙarfe da nikel ne, a tsakiyar ma'auni za su yi magana, ba a sama ba. Wuri, wato kuɗin da na kakanni, ba ƙarfe ba ne, ba za ta ji shi ba ko buhu ne. Jar ƙasa mai marmara tana wahalar da irin na'urarmu sosai. Sannan dokar Najeriya ta 1979 ta sa tonon kayan tarihi a ƙarƙashin izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ban da hakkin mai gona da sanin mai unguwa. Ga kuma hukuncin shari'a, wanda ya raba tsintuwa da rikazi, dukiyar mutanen da da aka binne, wadda ake fitar wa humusi. Duk wanda Allah ya haɗa da tukunya, ya fara da ƙofar malaminsa kafin ta mai saye.

Lokacin aikin a nan gajere ne. Mafi kyawunsa Afrilu zuwa farkon Mayu, bayan ƙanƙara ta narke ta danne ganye, ciyawa ba ta taso ba, ƙasa da laima na'ura na jin zurfi. Sai kuma Oktoba, bayan sanyi ya kashe ciyawa. Daga Disamba ƙasa ta daskare, shebur ba ya shiga sai wajen ƙarshen Maris. Watannin nan a gaban taswira ake cinye su, ana sa wa ramuka alama, ana neman sunayen masu filaye a ofishin gari, bokitin soda kuma yana ta tsiyayar kumfa a bayan gida da ɓarin takalmin sa a ciki.